Abin da ke gudana cikin ɗigon shayi kafin ya bushe

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi ya san wannan tabon, ko da bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Ɗigon baƙin shayi ya faɗi kan ledar tebur, ba a goge ba, ya bushe. Abin da yake bari zobe ne: bakinsa siririn layi mai duhu kamar an zaga shi da alƙalami, cikinsa kuwa fayau, sai ɗan dishi-dishin launi. Alhali lokacin da ɗigon ya faɗi launinsa ɗaya ne ko'ina, kuma tsakiyarsa ce ta fi tudu, can ne shayin ya fi yawa. Da a ce kowane ɓangare a inda yake yake bushewa, da tsakiyar ce za ta fi duhu. Tunda ba haka ake gani ba, lalle akwai abin da ya kwashe launin daga tsakiya ya kai shi gefe.

Na taɓa ware lokaci don in gani da idona. Da hantsi ne cikin hunturu, na ɗiga shayi marar sukari marar madara a kan farin farantin tangaran, ɗigon bai kai faɗin ƙwayar wake ba, na ajiye farantin kusa da taga na sunkuya a kansa. Mintunan farko babu alamar motsi, yana nan yana ƙyalli. Can sai wani layi ja-ja, siriri kamar gashi, ya fara bayyana a bakinsa, tsakiyar kuwa tana nan da ruwanta. Abu na biyu da na lura da shi, faɗin ɗigon bai ragu ba ko kaɗan. Tudunsa ne yake sacewa a hankali, kamar kumburin da ake gasawa da ruwan zafi, har ya kwanta ya zama shimfiɗaɗɗe. Daga ƙarshe ɗan ruwan da ya rage ya tsage daga ciki, kafin in ƙifta ido sau biyu ya ɓace ya bar zoben.

Hausa tana da kalmomi biyu waɗanda ƙugiyar harafi ɗaya ta raba su, kuma rabin bayanin yana cikinsu. Bakin ɗigon ya kafe, ruwansa kuma yana ƙafewa. Duk inda waɗannan biyun suka haɗu, dole ruwa ya yi tafiya a cikin ɗigon, ko da ido yana ganinsa a tsaye cak.

Sai a shekarar 1997 aka rubuta cikakken bayanin wannan abu, duk da daɗewar da mutane suka yi suna goge irin wannan tabo. Sidney Nagel, malamin fiziks a Jami'ar Shikago ta Amurka, shi ne ya lura da tabon kofi a kicin ɗinsa ya kai tambayar wurin aiki. Shi da Robert Deegan da Thomas Witten da wasu abokan aikinsu uku suka buga abin da suka gano a mujallar Nature, kuma tun daga nan masana suke kiran abin da suna zoben kofi, ko da babu kofi a maganar. Sun gwada ruwa iri-iri a kan gilashi da ƙarfe da roba, sun zuba masa abubuwa daga rini da sukari har zuwa ƙananan ƙwallayen roba, zoben bai fasa fitowa ba. Ƙwallayen nan su ne suka tona asirin. Kowace ɗaya faɗinta kamar maikiromita ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, sai an jera gommansu kafin su kai kaurin gashin kai. Da aka sa ɗigon ƙarƙashin madubin likita, sai aka ga ƙwallayen suna tafiya daga tsakiya zuwa baki, ta kowace fuska, babu mai komowa.

Kafin a gane dalili, sai an san abin da ke riƙe da ɗigo har ya yi tudu bai bazu ba. Ƙwayoyin ruwa, waɗanda ido ba ya gani, suna jan junansu. Wadda ke can ciki ana janta ta kowane ɓangare, sai jan ya kashe juna. Wadda ke sama kuwa ba ta da maƙwabta ta wajen iska, don haka jan da ake mata ya karkata zuwa ciki da gefe. Sakamakon haka saman ruwa yana zama kamar fatar ganga da aka ɗaure tamau, kullum yana neman ya tsuke. Wannan ɗaurin fatar ruwa shi ne yake ɗauke da ƙwaron da ke yawo a kan tafki bai nutse ba. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, ɗaurin fatar tsabtataccen ruwa yana kusan 72, na sifirit kusan 22. Ga ɗigon da bai wuce milimita biyu ko uku ba, wannan ɗaurin ya fi nauyin ruwan tasiri, shi ya sa siffarsa take fitowa kamar ƙaramin ƙoƙo da aka kifa. Komai ya faru da shi, fatar tana mayar da shi wannan siffar.

Bakin ɗigo kuma, inda ruwa da faranti da iska suka haɗu, ba ya zamewa da sauƙi. Farantin da hannu ke ji sumul, a madubi cike yake da ƙananan ramuka da tudu da datti, kuma bakin ruwan yana maƙalewa a jikinsu. Da zarar ɓarɓashin farko ya iso ya zauna a bakin, sai ya ƙara masa wurin kamawa. Zoben da kansa yake ƙarfafa kafewar da ta haife shi.

To a nan ne lissafin yake. Ƙoƙon da aka kifa, an kafe bakinsa, ana rage abin da ke cikinsa. Hanya ɗaya ce ta rage masa, ya yi ƙasa. Tsakiya tana da tudun da za ta sauke, tana iya yin ƙasa sosai. Baki kuwa tun asali ruwansa siriri ne, ba shi da tudun da zai sauke. Amma iska ba ta san wannan ba, tana ɗiban ruwa daga ko'ina a saman ɗigon. Ɗan ruwan da ke baki da an bar shi shi kaɗai da nan take ya ƙare, bakin ya ja baya. Tunda bakin ya kafe, fatar kuma ba ta yarda siffar ta lalace ba, dole tsakiya ta riƙa aiko da ruwa don cike gurbin abin da ya tashi. Ruwan da ke zuwa ba ya zuwa hannu rabbana, yana ɗauke da duk abin da ke cikinsa, launin shayi ne ko ƙura ko gishiri. In ya iso baki, shi ruwan yana da ƙofar fita, ya zama tururi ya bi iska. Kayan da ya ɗauko ba su da wannan ƙofar, a nan suke zama. Haka ake ta yi har ɗigon ya ƙare, kusan duk abin da ke cikinsa ya taru a layi ɗaya.

Akwai abin da ke ƙara wa tafiyar sauri, shi ne baki ya fi tsakiya saurin tashi. Tururin da ya bar ɗigo sai ya ratsa iskar da ke kewaye kafin wani ya samu wurin fitowa. A saman tsakiya, tururin kowane wuri yana cunkushe da na maƙwabtansa. A baki kuwa gefe ɗaya buɗe yake, babu kowa. Wanda ya taɓa fitowa daga filin Idi bayan an sallame ya san wannan: na gefen taro tuni sun kama hanya, na tsakiya suna jiran a rage. Masanan Shikago sun nuna cewa lissafin wannan abu daidai yake da lissafin yadda wutar lantarki ke taruwa a tsinin ƙarfe, dalilin da ya sa sandar kare gini daga aradu take da tsini. Siririn bakin ɗigo shi ne tsininsa.

Sau da yawa idan ana bayanin zoben kofi a taƙaice, a nan ake tsayawa, a ce baki ya fi saurin bushewa shi ya sa ruwa ke zuwa can. Wannan bayanin bai cika ba, kuma ina ganin yana ɓatar da mai koyo, domin yana ɗora laifin a kan wanda ya taimaka ya bar wanda ya aikata. Deegan da abokansa sun gwada wannan a wani aikin da suka buga a shekarar 2000. Sun ɗora ɗigo a kan ɗan dandamali suka kewaye shi da ruwa, yadda bakinsa ba zai samu busasshiyar iska fiye da tsakiya ba. Tashin ruwan ya zama kusan ɗaya ko'ina, amma zoben ya fito. Sai da suka rufe ɗigon da murfi mai ƙaramin rami daidai saman tsakiya, tururi ya rasa mafita sai ta nan, sannan aka samu tabo shimfiɗaɗɗe marar zobe. A kan robar Teflon mai santsi kuma, inda baki ba ya samun abin kamawa, ɗigon tsukewa yake yi yana tafiya da kayansa, babu zobe. Kafewar baki ita ce uwa, saurin tashi a gefe ƙari ne.

Saurin tafiyar ba wani abu ba ne a ma'aunin mutum, 'yan maikiromita ne a daƙiƙa ɗaya. Babu guguwa, babu hargitsi, ruwan yana tafiya ne layi-layi kamar zuma a cokali, domin a wannan ƙanƙantar kaurin ruwa ya fi ƙarfin gudunsa. Amma saurin ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. A 2011 Álvaro Marín da Hanneke Gelderblom da Detlef Lohse da Jacco Snoeijer na Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan sun nuna cewa dab da ƙarewa gudun yana hauhawa sosai. Dalilin shi ne yawan ruwan da baki ke nema kusan bai canza ba, amma hanyar da zai bi ta zama siririya ƙwarai, dole ya yi sauri. Da suka duba zoben da kyau sai suka ga tarihin nan a rubuce a jikinsa. Ƙwallayen da suka iso da wuri sun samu lokacin shiryawa, sun jeru reras. Na ƙarshe kuwa an watso su ne, sun cakuɗe babu tsari. Kamar lodin buhuna a mota ne, na safe an jera su da kyau, na lokacin da direba ya tayar da inji jefa su ake yi.

Da nan maganar ta ƙare, da kowane ɗigo a duniya zobe zai bari. Ba haka ba ne, domin akwai wani ƙarfi na biyu da ke ja ta wata fuskar, kuma kowa yana iya ganinsa a gida. A zuba ruwa a faranti mai faɗi, a barbaɗa garin barkono ko masoro a samansa, a shafa ɗan sabulu a kan yatsa a taɓa tsakiyar ruwan. Nan take garin zai watse ya gudu gefe, tsakiyar ta buɗe tas. Ba sabulun ne ya tura garin ba. Sabulu ya sassauta ɗaurin fatar a inda ya taɓa, sai fatar da ke kewaye, wadda har yanzu take a ɗaure, ta ja ta tafi da garin. Ƙa'idar ke nan: duk inda ɗaurin fata ya bambanta tsakanin wuri biyu, saman ruwa yana gudu daga wurin da ya sassauta zuwa wurin da ya ɗaure, yana jan ruwan da ke ƙarƙashinsa. James Thomson, yayan shahararren masanin fiziks Lord Kelvin, ya yi bayanin wannan a 1855, sannan Carlo Marangoni na Jami'ar Pavia a Italiya ya yi nazarinsa a kundin digirinsa na 1865. Sunan Marangoni ne ya bi abin har yau.

Me zai kawo bambancin ɗauri a ɗigon da babu wanda ya taɓa shi da sabulu? Sanyi. Ruwa ba ya zama tururi kyauta, kowane giram ɗaya yana tafiya da zafi sama da jul 2,400 (jul ma'aunin yawan zafi ne). Wannan ne sirrin randa, ruwan da ke tsatsafowa ta jikinta yana tashi da zafin na ciki. Shi ne kuma abin da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa a lokacin, ya dogara da shi wajen tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, aikin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ɗigo ma yana sanyaya kansa haka, kuma zafin da zai maye gurbin wanda ya tafi daga farantin yake shigowa. Baki yana manne da faranti, nan da nan yake samun ɗumi. Ƙololuwar ɗigon ita ce ta fi nisa da faranti, ita ta fi sanyi. Fatar ruwa mai sanyi ta fi ta mai ɗumi ɗauri. Don haka sai saman ɗigon ya riƙa gudu daga baki zuwa ƙololuwa, ya nutsa ta tsakiya, ya bi ƙasa ya koma baki, ya sake hawa. Ruwan yana juyawa ke nan, yana ɗauke kaya daga bakin da ake kai su yana mayar da su ciki.

Hua Hu da Ronald Larson na Jami'ar Mishigan sun nuna wannan a fili a 2006. Sun yi amfani da oktan, ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin man fetur, suka ga juyawar tana da ƙarfi, kuma da ɗigon ya bushe tulin ɓarɓashin a tsakiya ya taru maimakon baki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a aikinsu shi ne abin da suka samu game da ruwa. A lissafin takarda, ɗigon ruwa ma ya kamata ya yi wannan juyawar da ƙarfi. A gwaji kuwa juyawar ta yi rauni nesa ba kusa ba. Bayanin da suka bayar shi ne saman ruwa yana da wuyar tsabta. Saboda ƙarfin ɗaurinsa, duk wani maiƙo ko burbushin abu mai halin sabulu da ke yawo yana manne masa. Ɗan kaɗan ya isa. In fatar ta fara gudu zuwa ƙololuwa, tana share wannan dattin ta tara shi can, tarin kuma ya sassauta ɗaurin wurin, sai jan da sanyi ya kawo ya mutu. Wato zoben da muke gani a teburin mai shayi, wani ɓangare na dalilin fitowarsa shi ne fatar ruwan ba ta da tsabtar da za ta iya hana shi. Abin da ba ya kai a auna shi da sikeli shi ne yake yanke hukuncin inda launin zai zauna.

Ko fuskar da juyawar ke bi ma ba ɗaya ba ce kullum. William Ristenpart da Howard Stone da abokan aikinsu sun nuna a 2007 cewa ya danganta da abin da ɗigon ke zaune a kai. In farantin yana wuce da zafi da kyau, aƙalla ninki biyu na yadda ruwan ke wucewa da shi, baki ne ya fi ɗumi, juyawar ta bi yadda na faɗa. In kuwa farantin ba ya wuce da zafi, ba ya iya biyan bakin abin da yake asara, sai bakin ya zama shi ne mafi sanyi, juyawar ta koma ta baya. Ɗigo iri ɗaya, iska ɗaya, an canza abin da ke ƙarƙashi kawai, ruwan ya sauya hanya.

Daga nan abin ya yi rassa. Gishiri, saɓanin sabulu, ƙara ɗaurin fata yake yi, don haka a ɗigon ruwan gishiri bakin da gishirin ya taru shi ne yake jan fatar zuwa wajensa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Leuven ta Beljiyam sun ga cewa wata ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas aeruginosa tana fitar da wani abu mai halin sabulu, wanda ke tayar da juyawa a bakin ɗigon har ƙwayoyin su bazu maimakon su taru a zobe. Har nauyi, wanda aka daɗe ana cewa ba shi da ta cewa a ƙaramin ɗigo, ya dawo cikin maganar. A 2018 da 2019 masu bincike a Nottingham ta Ingila da kuma Twente sun nuna cewa in ruwa biyu ne a gauraye, ɗaya ya riga ɗaya tashi, wani sashen ɗigon yana fin wani nauyi, kuma wannan bambancin yana iya juya ruwan ko da siffar ɗigon ba ta nuna komai ba.

Wanda ya fi burge ni cikin duka shi ne na Jami'ar Pennsylvania a 2011, aikin Peter Yunker da Arjun Yodh da abokansu. Ba su canza ruwan ba, ba su canza farantin ba. Ƙwallayen robar suka miƙar, daga siffar gero suka koma siffar shinkafa. Ruwan ya ci gaba da tafiya zuwa baki kamar da. Amma dogayen ƙwayoyin in sun taɓa saman ɗigon sai su maƙale a fatar, su lanƙwasa ta a kewayensu, lanƙwasar kuma ta sa su kama juna su yi wata irin raga mai sako-sako da ta rufe saman. Ragar ba ta bin ruwan zuwa baki. Da ɗigon ya bushe, sai ta sauka a inda take, tabon ya fito bai ɗaya. Wannan ya nuna cewa sanin inda ruwa ya nufa bai isa a san inda kaya za su sauka ba, sai an san halin kayan.

Mai karatu yana iya tambaya, duk wannan wahalar a kan tabon shayi? Tabon shayi ƙofa ce kawai. Na'urar buga takardu mai fesa tawada tana aiki ne da ɗigo masu ƙanƙanta ƙwarai, kuma kowane ɗigo yana son ya bar zobe. A kan takarda abin da sauƙi. Amma yanzu da irin wannan fesawar ake shimfiɗa siraran layukan azurfa masu ɗaukar wutar lantarki, da sinadaran da ke ba da haske a wasu allunan talabijin. In kayan suka taru a baki suka bar tsakiya, layin ba zai ɗauki wuta daidai ba, hasken kuma zai fito wani wuri da ƙarfi wani wuri da rauni. Shi ya sa masu haɗa irin wannan tawada suke gauraya ruwa biyu masu bambancin saurin tashi da bambancin ɗauri, don su tayar da juyawar Marangoni da gangan ta yaƙi zoben.

A gona ma maganar tana nan. Maganin feshi ɗigo-ɗigo yake sauka a kan ganye, kuma amfaninsa ya danganta da yadda ya bazu da tsawon lokacin da ya yi a jiƙe kafin ya bushe. Ganyen kabeji da na albasa suna da wani kakin da ke sa ɗigo ya dunƙule ya gangara, shi ya sa ake ƙara wa wasu magungunan sinadarin da ke sassauta fatar ruwan don ya kwanta. Shawarar da malaman gona ke bayarwa ta a yi feshi da safe ko da yamma, ban da batun iska, tana da alaƙa da wannan, domin da tsakar rana ɗigon yana ƙafewa kafin ganye ya amfana. Mai farantin sola a rufin gidansa kuma ya san fararen zobban da ke fitowa in an wanke gilashin da ruwan rijiyar burtsatse aka bar shi ya bushe da kansa. Ma'adinan da ke narke cikin ruwan ne suka bi hanyar da launin shayi ya bi.

Wasu kuma maimakon su yaƙi zoben, sai suka sa shi aiki. Ɗigo yana tattara abin da ke warwatse cikinsa ya kai shi layi ɗaya, ba da wuta ba, ba da inji ba. A 2011 Tak-Sing Wong da abokansa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun nuna cewa yana ma tantance su: tunda bakin ɗigo siriri ne yana kauri zuwa ciki, ƙananan abubuwa suna kutsawa har can ƙarshe, manya su tsaya daga baya, sai a samu zobe cikin zobe gwargwadon girma. A Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville, Frederick Haselton da David Wright da ɗalibansu sun gwada gina gwajin zazzaɓin cizon sauro a kan wannan, tun daga 2012. Sun haɗa ƙananan ƙwallaye masu launi da wasu masu bin maganaɗisu, yadda in akwai sinadarin da suke nema zai ɗaure su tare, maganaɗisu ya riƙe su a tsakiya, launin zoben da ya fito a baki ya canza. Abin da suka sa a gaba shi ne sinadarin nan na HRP2 da ƙwayar cutar ke fitarwa, wanda shi ne yawancin tsinken gwajin gaggawa da ake amfani da su a asibitocinmu suke nema. Wannan dabarar ba ta maye gurbin tsinken ba. Amma ga Nijeriya, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓin a duniya, duk hanyar gwaji da ba ta buƙatar wuta ta cancanci a bi ta a ga ƙarshenta.

A nan ne nake ganin akwai aikin da ya kamata a ce ana yinsa a jami'o'inmu, domin duk abin da na lissafa ya rataya ne a kan saurin ƙafewa, saurin ƙafewa kuma iskar wuri ce ke yanke shi. Ƙaramin ɗigo yana tashi ne gwargwadon gurbin da ya rage wa iska ta ɗauki tururi. A zafin digiri 25, iska mai faɗin mita ɗaya ta kowace fuska tana cika da tururi giram 23. In danshinta rabi ne, kamar yadda ake samu a ɗakin bincike mai na'urar sanyaya ɗaki, gurbin da ya rage bai kai giram 12 ba. A zafin digiri 40 kuwa iskar tana ɗaukar giram 51. In danshi ya sauka zuwa kashi 15 cikin ɗari, kamar yadda yake yi a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram cikin bazara, gurbin ya haura giram 43. A lissafin takarda, ɗigon zai tashi da saurin da ya kusa ninki huɗu. Cikin watan Agusta kuma, in danshi ya haura kashi 80, sai abin ya juye, ɗigon ya daɗe bai bushe ba.

Sauri ninki huɗu yana nufin gudun ruwa zuwa baki ya ƙaru, sanyin da ɗigon ke jawo wa kansa ya ƙaru, juyawar Marangoni ta samu ƙarfi, lokacin da ƙwayoyi ke da shi na kama juna ko na jeruwa kuma ya ragu. David Brutin da abokan aikinsa a birnin Marseille na Faransa, waɗanda suka yi nazarin yadda ɗigon jini ke bushewa tun 2011, sun ga cewa hatta tsagar da ke fitowa a busasshen jinin tana canza kama idan danshin iska ya canza. Gwajin da hukuncinsa ke jikin zobe, in an daidaita shi a iskar Nashville, sai an sake auna shi a iskar Maris da ta Agusta a ɗakin shan magani na ƙauye kafin a ce ya yi. Kayan wannan awon kuwa ba su wuce madubin likita da gilashin da ake ɗora jini a kai da ma'aunin danshi da kyamarar waya ba.